Kwamandar da Ba Ta Taɓa Sa Kaki Ba

A ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah Ya karɓi ran shugabarmu, babbar jami'ar walwala ta sashen gaggawa a asibitin tsofaffin sojoji, bayan jinyar wata biyu. Ina tsaye a ƙofar ɗakin ganawa da fayil a hannu lokacin da babbar 'yarta ta kira ni. Ba ta ja magana ba, cewa kawai ta yi, "Yaya, Mama ta cika." Na yi salati, na ce daga Allah muke kuma gare Shi za mu koma. Sannan na shiga na ƙarasa da mutumin da ke jirana, domin na san da za a tambaye ta, abin da za ta ce in yi ke nan. Sai da ya fita na rufe ƙofa na yi kukana.

Anti, mu ma'aikata haka muke kiranki. Su kuwa tsofaffin sojojin Kwamanda suke ce miki, ke da ba ki taɓa sa kaki ba, ba ki ma iya bambanta igiyar kofur da ta saje sai an ƙirga miki. Amma na sha ganin mutumin da ya jagoranci ɗaruruwa a fagen daga ya miƙe tsaye don kin shigo ɗaki.

Shekara tara ke nan da na fara zuwa gabanki neman aiki, kaya sun sha guga, kai cike da abin da ke cikin littattafai. Ko kallon takarduna ba ki yi ba. Kika kai ni wani ɗaki inda wani dattijo ke zaune, matarsa ta kawo shi domin kwana uku bai ce da kowa uffan ba. Kika ce in zauna da shi, kada in yi masa tambaya fiye da ɗaya. Na gaishe shi, na tambayi jikinsa, tambayata ta ƙare. Muka yi zaman kurame na kusan minti arba'in, gumi na keto mini. Can sai ya ɗaga kai ya ce, "'Yata, fankar nan." Na tashi na kashe. Ashe ƙararta ce ke mayar da shi wani wuri da ba ya son komawa. Da ɗakin ya yi tsit, sai ya fara magana. Da na fito kika tambaye ni abin da na koya, ni kuma don ruɗewa na ce na koyi kashe fanka. Kika yi dariya har da riƙe bango, kika ce, "Kin fi wasu masu digiri biyu. Ki zo gobe ƙarfe takwas."

A hannunki na gane cewa aikinmu yana farawa tun kafin a buɗe baki. Kujerar baƙo a ɗakin ganawa dole ta fuskanci ƙofa, domin wanda ya yi shekaru yana tsaron bayansa ba zai sake jiki ba in ƙofa na bayansa. Ba a zuwar wa mutum ta baya, ba a dafa shi sai an nemi izini. Ƙofar ɗakin tana da bugawa in iska ta ja ta, kika gaji da jiran masu gyara, kika zo da guduma daga gida da guntun robar taya kika buga da kanki. Har yau robar na nan, a karkace. Kuma ke kika cire mini tsoron tambayar da kowa ke kauce wa. Kika ce in mutum ya zo a cikin ƙunci, a dube shi a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa, domin tambayar ba ta sa wa kowa tunanin, sai dai ta ba shi damar sauke abin da ya daɗe yana ɗauke da shi shi kaɗai.

Sau ɗaya kika taɓa gaya mini abin da ya kawo ki wannan aiki. Kina 'yar shekara sha huɗu yayanki ya dawo daga yaƙi da ƙafafunsa da hannayensa lafiya lau, gida ya cika da murna. Sai ya shiga ɗaki ya daina fita. Wasu suka ce girman kai ne, wasu suka ce iska ce ta taɓa shi, aka yi ta kai shi nan da can, ba wanda ya zauna ya tambaye shi abin da ya gani. Bai yi shekara biyu da dawowa ba ya rasu. Kika ba ni labarin kina tattara takardu, ba ki ɗago kai ba, ba ki kuma sake tayar da shi ba.

Ba zan manta ranar Saje kafinta ba. Tsohon soja ne da ya buɗe shagon katako bayan ya bar aiki. Wata rana da tsakar rana taya ta fashe a wurin mai facin da ke maƙwabtaka da shi, ƙarar ta firgita shi, ya faɗa shago ya sa sakata. Matarsa ta kira mu tana kuka, ta ce tun makon da ya wuce yake maganganu irin na mai ban kwana. Muka iske titi ya cika da 'yan kallo, 'yan sanda biyu suna shawarar ɓalle ƙofa. Kika roƙe su su matsar da mutane, su ba ki lokaci. Kika tsaya a jikin ƙofar katakon nan cikin rana, kika gaya masa ko ke wace ce, kika yi masa tambayar nan ba tare da kwana-kwana ba. Can muka ji ya ce e. Kika ce kin gode da ya faɗa miki gaskiya, kuma ba inda za ki. Kusan awa biyu kina tsaye, yana magana yana yin shiru, kina bin sa a hankali. Ya ambaci sunayen abokansa huɗu da ba su dawo ba, kika maimaita su ɗaya bayan ɗaya.

Ni da ke gefe ina ganin ƙafarki ta hagu, wadda ta daɗe tana yi miki ciwo, tana rawa. Sai na ji kin ce, "Saje, kai fa kafinta ne. Ka bar tsohuwa a tsaye a ƙofar shagonka, ko benci babu?" Sai ga ƙarar sakata. Ya fito da benci a hannu, idanu jajur, yana cewa, "A gafarce ni, Kwamanda, ban kyauta ba." Kika zauna, kika matsa masa, ya zauna a gefenki. Daga kan bencin nan ya yarda ya bi mu asibiti da ƙafarsa. A mota na tambaye ki ko dabara ce kika shirya. Kika harare ni kika ce, "Wace dabara? Ƙafar ce ta kusa kayar da ni."

Amma ba kullum ake dawowa da dariya ba, kuma abin da ya fi ɗaure ni da ke ya faru ne a shekarata ta uku. Wani matashin soja da aka sallama saboda rauni ya zo, ni na gana da shi. Likita ya duba shi, muka tsara yadda zai dawo bayan mako guda, ya yi mini godiya har da murmushi. Kwana huɗu bayan haka mahaifiyarsa ta aiko cewa ya rasu, kuma shi ya yi wa kansa. Na rubuta takardar barin aiki, na tura ta ƙarƙashin ƙofar ofishinki, na tafi gida na kwanta. Washegari da hantsi sai ga ki a falonmu da fayil ɗinsa. Na zaci za ki ce mini ba laifina ba ne, kamar yadda kowa ke faɗa. Sai kika buɗe fayil ɗin, muka bi shi layi-layi. Kika nuna mini duk inda na yi daidai. Da muka zo ƙarshe kika ce akwai abu ɗaya: mako guda ya yi tsawo, ya kamata a ce wani ya kira shi washegari. Kika ce wannan ba kuskurena ba ne ni kaɗai, tsarin da kika shimfiɗa ne, don haka ke ce ta farko da za ta amsa. Daga ranar kika kafa dokar cewa duk wanda ya fita daga sashenmu sai an kira shi kafin rana ta sake faɗuwa. Sannan kika ce in sa mayafina mu je wurin uwarsa. Na ce ba zan iya haɗa ido da ita ba. Kika ce, "Ni ma ba iyawa zan yi ba. Tashi mu je." Matar nan ta riƙe hannuna ta ce ɗanta ya gaya mata an saurare shi a wurinmu. Takardar barin aikin kuwa ban sake jin labarinta ba, ni ma ban tambaya ba.

Ba zan ce ba ki da naki ba, domin da kin ji na faɗi haka da kin ce in daina ƙarya. Rubutun hannunki ko likitoci sun sallama masa. Rahoton wata-wata sai an bi ki da roƙo. Kina korar mu hutu da faɗa, ke kuwa hutunki na shekara uku yana nan ba ki taɓa ba. Shayinki kullum sai ya huce a kan tebur. Maigidanki, wanda duk muke kira Malam, yakan ce da ya san da bataliya guda zai raba matarsa da ya sake shawara, ya faɗa yana dariya, yana kuma ajiye miki abincin da kika manta a gida. Ciwon nan ma kin ɓoye mana shi har sai da ya kayar da ke.

Zuwana na ƙarshe wurinki, mako guda kafin rasuwarki, na same ki kin rame, murya ta yi ƙasa. Na zo da niyyar in gode miki, na shirya kalmomina tun a hanya. Ba ki ba ni dama ba. Kika tambaye ni ko sabbin ma'aikata biyun da aka kawo suna samun wanda suke faɗa wa damuwarsu, kika ce in sa ido a kan mai yawan dariyar, domin ita ce ke tafiya gida da damuwar aikin. Da na tashi tafiya kika ce, "Ki dinga cin abinci, kada ki yi irin tawa." Godiyar da ban samu na yi ba, ita ce nake yi yanzu.

Ranar jana'izarki na ga mutanen da na san ba sa iya shiga taro, waɗanda ko kasuwa ba sa zuwa, sun zo sun tsaya cikin cunkoso saboda ke. Wasu da sanda, wasu a keken guragu, matansu da 'ya'yansu na biye. Washegari da safe wayar sashenmu ta yi ƙara, na ɗauka. Wani dattijo ne, ya ce a haɗa shi da Kwamanda. Bai ji labari ba. Na gaya masa a hankali. Ya yi salati. Sannan ya ce, "To, yanzu wa zan faɗa wa?" Na gyara zama na ce, "Baba, ga ni. Faɗa mini." Ya kuwa faɗa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam, da 'ya'yanki uku da jikokinki, waɗanda suka yi haƙurin raba ki da mu shekara da shekaru ba su taɓa nuna mana a fuska ba. Ina yi wa abokan aikina ta'aziyya, da dukan tsofaffin sojojin da suka yi rashin uwa. Allah Ya jiƙanki, Anti, Ya yafe miki kurakuranki, Ya haskaka makwancinki. Yadda kika tsaya wa bayinsa a lokacin da suka fi kowa tsoro, Allah Ya sa kada ki ga tsoro a kabarinki ko a ranar tsayuwa. Ya haɗa ki da yayanki a Aljanna, Ya ba iyalinki haƙuri, mu kuma Ya ba mu ikon riƙe abin da kika bar mana. Amin.