Takardu Tara da Abatcha Ya Kai Madaki

Wanda bai san Abatcha ba zai ɗauka ba ya magana. Yana yi, sai dai da alli ya fi iyawa. Ɗan Abba Gana ne mai wankin hula, suna cikin waɗanda rikici ya koro daga Borno suka sauka Tudun Wada daga su sai kayan jikinsu. Wanda ya ba su ɗaki biyu shi ne Malam Inuwa, malamin ilimin kwamfuta, kuma shi ya tsaya wa Abatcha har ya gama digiri a lissafi. Don haka a gidan Abba Gana, ko Malam Inuwa ya ce rana daga yamma take fitowa, sai dai a ce Allah ya ƙara sani.

Bayan digirin, wata ƙungiya ta ba shi da Malam Inuwa aikin tantance tsaron wata manhaja da 'yan gudun hijira za su riƙa neman danginsu da ita. Malam Inuwa ya bi hanyar alamomi, wadda ke ɗaukar kullen saƙo kamar akwatin ƙarfe: in ba ka da makulli, ba ka san komai ba. Kwamfuta ta bi tsarin mataki-mataki ta ce lafiya lau. Aikin Abatcha shi ne ya haɗa wannan da hanyar lissafi, wadda ba ta yarda da akwati haka kawai, sai ta auna yiwuwar mai kutse ya canki abin da ke ciki. In hanyoyin biyu suka hau, wato sakamakonsu ya zo ɗaya, za a ɗauke shi aiki na dindindin.

Suka ƙi hawa. Wata uku yana fama kafin ya gano dalili: akwati yana ɓoye abin ciki, amma ba ya ɓoye girmansa. Amsar "yana nan" ta fi "ba a same shi ba" gajarta, ko an kulle ta. Mai farautar wani sai ya auna tsawon saƙo kawai. Malam Inuwa ne ya manta da wannan.

Da wani ne, da rahoto zai rubuta. Abatcha kuwa an raine shi a kan cewa ba a gyara wa babba a gaban mutane. Ya rubuta komai da biro, takardu tara, bai bar kwafi ba, ya kai gidan Malam da ke unguwar Madaki bayan la'asar, ya durƙusa ya miƙa.

"Baba, ina ganin ni ne ban gane ba. A duba mini."

Ranar taron gabatar wa ƙungiyar da sakamako, Malam Inuwa ya tashi ya bayyana kuskuren tsaf, har da misalin akwatin. Ya ce shi ya gano, kuma da ma ɓangaren lissafi ne ya kamata ya hango tun farko, amma a yi wa mai shi uzuri, sabon hannu ne. Aka tafa masa. Abatcha yana zaune yana kallo. Aka gyara manhajar, aka ba wani daban aikin na dindindin.

A bakin mota Malam ya dafa kafaɗar Abatcha. "Gobe taka ce. Ni da furfurar nan, ina zan sa kaina?"

Da Abatcha ya gaya wa mahaifinsa, tsohon bai ɗaga kai daga hular da yake gogewa ba.

"Ka faɗa wa wani?"

"A'a."

"Madalla. Kada ka faɗa."

Wannan ta fi ta taron ciwo, kuma har yau bai huce ba.

Yanzu Abatcha yana koyar da lissafi a wata sakandare a unguwar Kumbiya-Kumbiya. Ɗalibai suna tsoronsa don ba ya yafe mataki ɗaya da aka tsallake, suna kuma sonsa don in ya yi kuskure a allo, dole wanda ya gani ya miƙe ya faɗa da sunansa. Duk Juma'a yana raka mahaifinsa Madaki gaisuwa gidan Malam Inuwa. Yana durƙusawa kamar kullum, sai dai ya daina cewa Baba.