Motar Turai a Bayan Shanu

A shekarun rikicin jam'iyyu, lokacin da yajin aiki ya rufe tashar jiragen ruwa ta Lome, maganin hawan jini ya ƙare a Sokode. Yayana da ke Dapaong ya samo wa Inna shi daga Burkina, sai na ɗauke ta daga unguwar Kpangalam ta Sokode zan kai ta wurinsa. Motata 'yar Turai ce, ta hannu. Allah ya yafe mini, a lokacin ba na barin mutum ya gama gaishe ni ban gaya masa ƙasar da aka ƙera ta ba.

Muna isa Bombouaka motar ta yi tari ta mutu. Bakanike ya leƙa ya ce famfon mai ne, kuma irinsa sai jirgi ya sauke kaya. Inna kuwa kanta na sara tun safe.

Wani manomi ya yarda ya ja mu da amalanken shanunsa, wanda mai walda ya haɗa masa a Nano. Tayoyinsa na wata motar Turai ce da ta riga tawa rasuwa. Na riƙe sitiyari, ina gyara zama duk inda muka wuce mutane.

Can Inna ta ce a tsaya. Ta sauka ta hau amalanken.

"Inna, kujerar nan fa ta fata ce."

"Zauna abinka," in ji ta. "Ni wadda ke tafiya zan hau."

Da magariba muka isa Dapaong, yayana ya ba ta maganinta, sannan ya tambaye ni inda za a ajiye motar, tunda za ta daɗe.