Gafakar da Aka Ce Ta Ƙone

A wani zaure a unguwar Shahuci muka taru, mu dukawa da masu zane, don mu ƙera kwatankwacin kayan da sojojin Turawa suka kwashe da suka ci Kano da yaƙi. Malamar da ta shirya taron ta raba mana hotunan kayan daga gidajen tarihinsu.

Ni na samu hoton gafaka, wato jakar Alƙur'ani, ta jar fata. A bakinta na ga sunan kakan mahaifina da ajami, har da laƙabinsa na Barno. Na ƙura wa hoton ido, domin tun muna yara ake ce mana ta ƙone a yaƙin.

"Malam, lafiya?" in ji malamar.

"Tamu ce," na ce mata.

Ranar ko allura ban iya riƙewa ba.