Tarin da Ya Watsa Jana'izar Baffana

Akwai abin da mutum yake mantawa tun kafin ya kai ƙofar gida, akwai kuma wanda ko an daka shi a turmi ba zai fita daga kansa ba. Ni dai ranar da muka binne Baffana, wan mahaifina, a tsakiyar dokar korona, ba zan manta da ita ba har ranar da za a ɗauki tawa makarar.

Sana'ata hayar kanopi da kujerun roba ce a unguwarmu ta Nima. Duk wanda ya san Zango, wato unguwannin baƙi irin tamu, ya san ba ƙaramar sana'a ba ce, domin mu mutane ne da ko akuya ce ta haihu sai mun tare hanya mun yi taro. Suna, ɗaurin aure, sadakar uku, sadakar arba'in, dawowa daga Makka, duk da kujeruna ake yi. Sai ga annoba ta shigo. Aka rufe masallatai, aka hana taro, aka ce ko jana'iza ce kada a wuce mutum ashirin da biyar. Kujeruna suka koma ɗaki ɗaya bisa ɗaya, babu mai hawansu sai gizo-gizo, shi kuwa ba ya biyan haya. Telan da ke kusa da ni ya ajiye ɗinkin kaftani ya koma ɗinka takunkumi, wanda mu a nan muke ce wa nos mas. Mai saka kiɗa a gidan biki kuma ya kasa citta da lemon tsami a kan lasifikarsa, yana rantsuwa maganin korona ne. Kowa dai yana lallaɓa rayuwarsa, kuma kowa a tsorace yake.

A cikin wannan hali Baffa ya rasu da sassafe. Babban dillalin albasa ne, ƙaton mutum, ga jiki ga murya, idan ya yi atishawa har bakin titi ana ce masa yarhamukallah. Ciwon suga da hawan jini sun daɗe suna cin sa, su ne kuma suka tafi da shi. Asibiti suka tabbatar, suka ba mu gawa, muka kawo gida aka yi masa wanka da sutura.

Kafin hantsi lungunmu ya cika ya batse. Mutanen da suka yi makonni a kulle kamar kaji a akurki sun samu dalilin fita, kowa ya zuba babbar riga, takunkumi a ƙarƙashin haɓa. Ana cikin haka sai ga wani ɗan sanda da abokin aikinsa. Ya ja ni gefe ni da babban ɗan marigayi, ya yi mana ta'aziyya cikin ladabi, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Idan ya ƙirga kai ya wuce ashirin da biyar a bayan makara, gawa ba za ta fita ba, kuma babban ɗa zai bi shi ofis. Ya koma bakin lungu ya tsaya, hannu a baya.

Da na fita na faɗa wa jama'a, sai ka ce na ce za a raba gado. Nan take kowa ya zama shaƙiƙin Baffa.

"Cale, abokina, ni za ka ce in koma gida?" in ji wani ɗan kasuwar albasa. "Ni na kai shi filin jirgi da zai tafi Makka, ni na ɗauko shi!"

Wani tsoho ya ce shi da Baffa nono ɗaya suka sha, alhali Baffa ya girme shi nesa ba kusa ba. Masu sarauta uku suka zo, kowanne da mai riƙe masa lema, kowanne yana cewa mai lema ba ya cikin lissafi, tunda shi da lemar abu ɗaya ne. Wani mai neman kujerar unguwa a zaɓe ya rungume babban ɗa yana kuka da sauti, yana leƙen ko ana ɗaukarsa a waya.

"Ko mutum biyu aka ce, ni ne na biyun," in ji shi. "Wallahi Alhaji ubana ne sosai paa."

Na roƙa, na haɗa su da Allah da Annabi, babu wanda ya motsa. A Zango a ce an binne babban mutum ba ka cikin waɗanda aka zaɓa, ai an gama da kai ke nan, har jikokinka sai an yi musu gori. Azahar ta matso, masu haƙa kabari sun fara kiran waya, mai motar gawa yana jira a bakin titi, domin mota ba ta shiga lungunanmu, dole a kafaɗa ake fitar da mamaci.

Na shiga cikin gida wurin Gwaggo, yayar su Baffa da mahaifina. Tsohuwa ce 'yar firit, amma idan ta kalle ka sai ka tuna laifin da ka yi tun kana goye. Na zayyana mata halin da ake ciki. Ta gyara mayafi ta ce, "Mutane kawai za a rage? Tafi ka zauna. Wannan ba aikin maza ba ne."

Ina tsaye ta kira wata maƙwabciyarmu, matar da idan kana son labari ya kai har unguwar Maamobi kafin ka ɗaura takalmi, ita za ka gaya wa, ka ce kada ta gaya wa kowa. Gwaggo ta ja ta lungun ɗaki ta rage murya, amma ba sosai ba.

"'Yar nan, ki rufa mana asiri. Alhaji ya yi tari kafin ya cika. Har ya ce ba ya jin ƙanshin miya."

Matar ta dafe ƙirji ta ce, "Mma, bakina ƙanin ƙafata." Ta ja baya, ta ƙara ja, ta ce ta bar tukunya a wuta.

Na ce, "Gwaggo, wannan fa ƙarya ce."

Ta ce, "Bai yi tari ba? Akwai ranar da Allah ya yi da bai yi tari ba? Ƙanshin miya kuwa, tun da likita ya hana shi gishiri yake cewa haka."

Ban taɓa ganin abu mai saurin aiki irin maganar nan ba. Na fito ƙofar gida na tarar wayoyi suna ta ƙara a aljihun manyan riguna, matan gida suna kiran mazajensu. Sai ka ga mutum ya kara waya a kunne, fuskarsa ta canza, ya jawo takunkumi daga haɓa har kusan ido. Wanda ya kai Baffa filin jirgi ya tuna motar albasarsa ta lalace a hanya. Wanda suka sha nono ɗaya ya ce ashe da ƙanen Baffa ne suka sha, ba da shi ba. Masu sarauta suka tashi cikin ƙasaita har suka sha kwana, daga nan ƙafa me na ci ban ba ki ba, ɗaya ma ya riga mai lemarsa kaiwa titi. Shi kuwa mai neman kujera, da ya tuna ya rungume babban ɗa, sai ya tsaya gaban bokitin wanke hannu da muka ajiye a ƙofa, ya wanke hannu, ya wanke fuska da gemu, ya wanke har hammata, ya ƙarar mana da sabulu da ruwa, sannan ya tafi babu sallama.

Da farko na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ce Gwaggo ta iya. Ina ƙirga kawuna ina murna, har suka kai adadin da ake so. Sai dai ba su tsaya nan ba. Kafin in ankara lungu ya zama fayau, babu kowa sai takalman da aka manta da tabarmi. Daga ni sai 'ya'yan Baffa biyu, sai tsohon ladanin masallacinmu wanda kunnensa ya yi nauyi, bai ji labarin ba. Garin neman gira mun rasa ido.

Na bi mutane gida-gida ina buga ƙofa. Na rantse da Alƙur'ani ba korona ba ce, ƙarya aka yi don a rage taro. Wani ya amsa mini ta bayan taga, "Idan ba ita ba ce, me ya sa kake rantsuwa haka? Matsa baya, abeg." Gwaggo da kanta ta fito tsakiyar lungu, ta ɗaga murya ta ce ita ta ƙirƙira. Sai na ji wata tana cewa daga cikin gida, "Allah sarki tsohuwa, tana so ta rufa wa ɗan'uwanta asiri." Magana zarar bunu ce, ranar na gane ba don daɗin baki aka faɗa ba.

Na dawo na tsaya kan makara, zuciyata ta karye. Mutumin da ya ciyar da rabin lungun nan yana kwance, babu mai ɗaukarsa. Mu uku ne masu ɗan ƙarfi, ƙaramin ɗan ma siriri ne kamar sillen kara, ladan kuma da ƙyar yake ɗauke da kansa. Muka gwada ɗagawa, makara ta karkata, muka yi maza muka sauke. Gwaggo da ba na tuna ranar da na ga hawayenta ta zauna a dokin ƙofa tana kuka, tana cewa, "Ni na ja maka, ɗan'uwana." Ɗan sandan nan ya leƙo daga nesa ya ce, "Ina ashirin da biyar ɗin naku?" Da na ce ko zai kama mana, sai ya ce aikinsa ƙirga ne. La'asar ta kawo kai, mai mota ya aiko cewa shi fa zai tafi.

Ana nan sai ƙofar gidan da ke bayan namu ta buɗe. Wani tsohon mahauci ya fito da 'ya'yansa ƙarti uku. Shi da Baffa sun yi shekaru ba sa ga maciji, a kan kwatar da ke bi tsakanin gidajen biyu. An kai ƙara wurin liman, an kai wurin masu unguwa, ba su shirya ba. Ko sallama ba sa yi wa juna, sai dai zagi ta saman katanga kowace safiya. Na ɗauka dariya ya zo yi mana.

Ya dubi makara, ya dube mu, ya yi tsaki.

"Wai tari ne ya kore su? Mutanen banza. Bango ɗaya ya raba ɗakina da nashi. Tarin nan nake ji kullum da asuba tun ba a haifi korona ba. Da yana kisa, da ni ya fara kashewa." Ya naɗe hannun riga. "Kuma ko koronar ce ma, ba a barin Musulmi a ƙasa. Kai, ku kama. Rigimarmu tana nan, in na je can za mu ƙarasa."

Ladan ya ja mu salla, sahu ɗaya tal. Muka saɓa Baffa a kafaɗa muka bi lungu, muna tsallake kwatoci, mahaucin yana gaba yana haki, ya ƙi yarda ɗansa ya karɓe shi. Duk inda muka wuce sai ka ji ana rufe taga, daga bayanta kuma ana cewa, "Allah ya jiƙan Alhaji." A maƙabarta shi ya shiga kabari ya karɓi Baffa, ya kwantar da shi ya gyara masa fuska zuwa gabas. Da ya fito ya tsaya yana kaɗe ƙasa daga gwiwa, sai na ga gemunsa ya jiƙe. Ya ce a hankali, ba da kowa yake ba, "To gobe da wa zan yi?" Nan kukan da na riƙe tun safe ya ƙwace mini.

Tsugune ba ta ƙare ba. Matar Baffa koko da ƙosai take sayarwa a ƙofar gida, kuma masu abinci doka ba ta hana su ba. Amma daga ranar, duk da an sa yara su riƙe mata sana'ar tana takaba, babu mai tsayawa wurin, har tsallaka kwata ake yi don kada a bi ta gaban tukunyarta. Ta gama takaba ta dawo, aka ci gaba da gudunta. Sai da Gwaggo ta riƙa zama a bakin hanya kowace safiya tana shan kokon a idon jama'a, aka ga ba ta mutu ba, sannan aka fara dawowa ɗaya-ɗaya.

Da aka sassauta doka muka yi wa Baffa sadaka, aka yanka sa, aka dafa shinkafa. Jama'a har titi. Ina zagayawa da ruwa ina jin hira. Wannan ya ce shi ya riƙe makara ta wajen kai. Wancan ya ce shi ya fara zuba ƙasa. Mai neman kujera ya karɓi lasifika ya ce a ranar da kowa ya gudu, shi kaɗai ya tsaya. Da za a tara duk waɗanda suka ce sun je maƙabarta, da ɗan sandan nan ya kama Nima gaba ɗaya. Mahaucin bai zo ba. Da na kai masa abinci da kaina, sai ya karɓa ya ce in gaya wa mutanen gidanmu har yanzu ruwan wankinsu yana shigo masa.

Ni da na ci abinci da taro duk rayuwata, ranar jana'izar nan na koyi cewa cikar lungu ba ita ce samun mutane ba. Tun daga lokacin na daina auna mutum da daɗin gaisuwarsa ko ƙarfin kukansa. Duk wanda ya ce mini ni nasa ne, sai in tambayi kaina a zuci: idan aka ce na yi tari, wannan zai kama makarata?