Masu Yabon Tantabarun Baba

Babanmu ba ya yabo. Ranar da na gama makarantar koyon aikin jinya na kawo masa sakamako, dubawa ɗaya ya yi ya ce, "To, ba laifi," ya koma zuba wa tantabarunsa ruwa.

Tsohon direban babbar mota ne. Da ƙafa ta hana shi tuƙi, sai ya tare a bayan gida da akurkin tantabaru. Ni na buɗe masa shafi a intanet don ya rage zaman shiru, na ajiye masa tsohuwar kwamfutata a kan teburin guga. Da yatsa ɗaya yake rubutu, tabarau a ƙarshen hanci: yadda ake gane wadda za ta yi ƙwai, maganin ƙwarƙwata, dalilin da ya sa sabuwar tantabara ke gudu.

Sai sharhi ya fara shigowa. "Rubutu mai ban mamaki! Ka canza rayuwata! Latsa nan." Masu tallan maganin ƙiba, masu caca, masu bashin bogi. Baba kuwa ya zauna yana ba kowa amsa.

"Na gode, ɗana. Allah ya yi maka albarka. Da ganin maganarka ka samu tarbiyya."

Tarbiyya! Ni da nake tasowa daga asibiti a gajiye in shafa masa magani a gwiwa, ban taɓa jin rabin wannan ba. Wata mai tallan agogo har "'yata mai hankali" ta samu. Kishi na ji, kishi tsagwaronsa, kuma da abin da ko numfashi ba ya yi.

"Baba, waɗannan fa ba mutane ba ne. Na'ura ce ke watsa su."

"Na'urar ai ta fi wasu iya gaisuwa," in ji shi, bai ko ɗago ba.

Shi ke nan, ya taɓo ni. Na ja kujera na ɗora wa shafin manhajar tace sharhi, na ƙara wata da ke tsare kowane saƙo har sai mai shafi ya amince. Na buɗe masa kwandon shara ya ga 'ya'yan nasa jibge, kalma ɗaya suke maimaitawa a shafin masu sayar da taya da na masu sabulu.

"Ka gani? Duk wanda ya zo da yabo ba tambaya, ƙarya ne. Ka danna nan ka goge."

Ya duba. Ya ce, "To."

Shafi ya yi tsaf, ya kuma yi tsit. Da safe Baba zai buɗe, ya leƙa, ya rufe. Rubutun da yake yi kullum ya koma jefi-jefi. Mama ta ce, "Ke dai kin kori baƙin mutum, yanzu ni yake wa faɗa kan gishiri."

Ni kuwa na ga fili ya zama nawa. A wurin aiki, lokacin hutu, na zauna na karanta duk abin da ya taɓa rubutawa. Ashe tsohon ya iya zance! Har da labarin farar tantabarar da ya saya ranar da aka haife ni, wanda ban taɓa ji ba. Na rubuta sharhi da sunana: "Baba, 'yarka ce. Na karanta duka. Ban san haka ka iya rubutu ba, ina alfahari da kai." Na aika. Albarka ɗaya nake so a rubuce, inda kowa zai gani.

Da na dawo gida na same shi gaban kwamfuta, yana ta murmushi.

"Ke, zo ki ga iya shege. Yanzu har sunanki suke sata."

"Baba, ka karanta kuwa?"

"Na karanta. Yabo zalla, ba tambaya. Kuma wai ta karanta duka." Ya yi dariya. "Ke da ko sau ɗaya ba ki taɓa cewa na iya wani abu ba? Ai tuni na goge."

Ya gyara tabarau, ya ce in miƙo masa maganin gwiwa.