Gatarin Aradu a Akwatina

"Fitar min da shi daga gida!" in ji Inna, tana nuna dutsen da na tsinto a gonarmu ta Darki. Zamanin kuɗin fetur ne, abokaina na sayen rediyo, ni ina tara duwatsu ina bin sunayensu. Wannan baƙi ne sumul, ga kaifi.

Na ce, "Inna, wani malami ya ce mutanen dauri ne suka wasa shi."

Ta ce, "Gatarin aradu ne! In aradun ta dawo ɗaukar kayanta, malamin zai tare ta?"

Na ce mata na jefa shi kogi. Allah Ya yafe min, yana akwatina har yau. Sai dai in hadari ya taso, nakan ɗan matsa.

Ku me kuke kiransa a garinku?