Ledar Ƙarshe a Aljihun Anti Mai Rula

Ranar Litinin da safe na gan ki durƙushe gaban Baba, kin ɗora farar leda kan gyambon diddigensa kina bin bakinsa da alƙalami. Sau biyu alƙalamin ya zame miki, sau biyu kika dafe ƙirji kika ce, "Ba komai, gajiya ce." Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, muka zo wankin ciwo muka tarar da ɗakinki a kulle, mai shara tana zaune kan bencin jira tana hawaye. Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Anti Mai Rula, ashe gajiyar ke nan.

Wata biyar ke nan da na goyo Baba zuwa asibiti. Ciwon suga ya ci masa diddige, an cusa daƙaƙƙen ganye a ramin har yana wari. Ba ki toshe hanci ba. Cewa kika yi, "Baba, wa ya yi maka lambu a ƙafa?" Ya ce, "Ke ma ai an ce ganye kike sa wa mutane." Kika ce, "Nawa an wanke shi, an tace, an auna. Naka kuwa turmi kawai ya gani." Rabon Baba da dariya har na manta, sai ranar.

Ni walda nake yi, ban san sunayen boko na abin da kike tatsa daga kurkum da ɓawon rumman ba. Amma na ga ɗan sikelinki, na ga yadda kike tsayar da numfashi in kina awo. Ba ki taɓa yi mana daɗin baki ba. Kin ce gwaji ne, yana iya yi, yana iya ƙi, kuma ranar da Baba ya bar allurarsa ta suga kun ɓata. Ke kika gano alewar da yake ɓoyewa cikin hula. Ke kika koya mini duba tsakanin yatsunsa kullum, tunda ƙafar ba ta jin zafi balle ta kai ƙara.

Duk Litinin sai kin zana gyambon a leda, kin auna da rularki, kin sa a fayil. Da farko zanen yana ta tsukewa. Sai ya tsaya cak, mako uku. Likitan tiyata ya rubuta cewa in bai motsa ba zuwa ashirin da biyu ga wata, za a yanke daga ƙasan gwiwa.

A waccan Litinin ɗin kin ɗora sabuwar leda kan ta makon jiya, kin ɗaga su saitin taga. Sabon zanen ya shige cikin tsohon, har da rata. Kika ce, "Ya motsa! Ga jan nama yana tasowa. Ni da kaina zan je a ɗaga ranar nan." Kika ninke ledar kika sa a aljihun farar rigarki, kika ce in kin ɗan huta za ki rubuta.

Ba ki samu rubutawa ba. Jiya likita ya buɗe fayil, leda uku masu kama ɗaya ya gani. Ban ga laifinsa ba. Saura kwana shida, maganin da kika haɗa mana a kwalba kuma ba zai wuce huɗu ba. Baba ya daina tambayata. Yana dai shafa ƙaurinsa.

Allah Ya jiƙan ki, Anti. Yadda kika durƙusa wa ƙafafun da masu su ke kunyar buɗewa, Allah Ya ɗaga darajarki, Ya yafe kurakuranki, Ya sanyaya makwancinki. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki da 'ya'yanki mata biyu da abokan aikinki. Allah Ya ba su haƙurin rashinki.

Iyalan Anti, na san ba lokacin roƙo ba ne, ku gafarce ni. In farar rigarta tana gida, don Allah kafin a wanke a duba aljihun hagu. In kuwa ba a samu ledar ba, ba ni kaɗai na ji abin da ta faɗa ba, akwai masu iya shaida wa likita. Mai shara tana goge taga a lokacin. Nas mai tabarau ce ta miƙa mata alƙalamin. Ga kuma dattijon nan mai sandar ƙarfe da ke bin layi bayanmu, wanda ya ce, "Alhamdu lillahi," tun kafin mu faɗa.